Fyaɗe da Neman Lalata da Ɗalibai a Manyan Makarantun Kano: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta dawowa duk lokacin da aka zauna da ɗalibai a kan wannan magana. Wasu a guntuwar takarda ake miƙo su ba suna. Wasu kuma sai an tashi taro yarinya za ta ja mutum gefe ta ce, "Anti, ƙawata ce abin ya faru da ita." An fi fuskantar mata a amsoshin domin su abin ya fi shafa, amma akwai tambaya a kan maza can ƙasa.

Me ake nufi da cin zarafi ta hanyar lalata? Sai an kai ga fyaɗe ne?

A'a. Fyaɗe shi ne mafi muni, amma abin da faɗi yake. Ya haɗa da taɓa jikin mace ba da yardarta ba, da matse ta a cunkoson shiga ɗakin lakca ko a cikin adaidaita sahu, da turo mata hotunan batsa, da nace mata bayan ta ce ba ta so, da kuma rataya makin jarrabawa ko sa hannu a furojet a kan sai ta ba da kanta.

Ma'aunin ɗaya ne: yarda. Wadda ta ce "to" domin an ce za a kayar da ita a kwas ɗin da ya rage mata ta gama, ba yarda ta yi ba, tsoro ta ji. Haka wadda aka zuba wa wani abu a lemo, da wadda ke barci, da wadda ta ce a bari aka ƙi bari.

Anya a Kano ana wannan? Ba a jami'o'in Kudu aka fi jin sa ba?

A can aka fi faɗa, shi ya sa aka fi ji. A Disamban 2018 wata babbar kotun tarayya da ke Osogbo ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara 2, bayan ɗalibarsa ta naɗi muryarsa yana neman ta da lalata kafin ya ba ta maki. A Oktoban 2019 binciken ƙwaƙwaf na BBC ya tona asirin wasu malamai a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. Amma a wannan shekarar dai matan Arewa suka cika Twitter da labaransu a ƙarƙashin #ArewaMeToo, kuma da yawan waɗanda suka ambata ba baƙi ba ne: malamai ne, da samari, da 'yan'uwa na cikin gida.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 9 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 a Najeriya an taɓa cin zarafinsu ta wannan hanya. Binciken 2014 a kan yara kuma ya gano yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 na fuskantar haka kafin su kai shekara 18. Kano gari ne na makarantu: ga Jami'ar Bayero da tsohon mazauninta da sabon, ga Foliteknik, ga Sa'adatu Rimi, ga makarantun koyon aikin jinya, ga jami'o'in kuɗi da ke ta ƙaruwa. Ba wata makaranta ake nuna wa yatsa ba. Amma wanda ya ce wannan taron jama'a duk babu mai wannan hali a cikinsu, ya san ba gaskiya ya faɗa ba.

Su wa suka fi aikatawa?

Galibi wanda aka sani. Malamin da ke duba furojet ya ce a same shi ofis bayan la'asar lokacin da sashe ya watse. Ma'aikacin da ya ce zai gyara matsalar sakamakon da ya ɓata. Saurayi da ya ce a biyo ta ɗakinsa na wajen makaranta a karɓi littafi. Shugaba a wurin koyon aiki na SIWES ko a makarantar da aka tura mutum gwajin koyarwa, inda ɗaliba ba ta san kowa ba kuma sa hannunsa take jira. Shi ya sa shawarar "kada ki yi yawon dare" kaɗai ba ta wadatar. Da rana tsaka abubuwa da yawa ke faruwa, a bayan ƙofar da mutum ya shiga da sallama.

Da ƙafata na je, kuma ban yi ihu ba, ban yi kokawa ba. Ba laifina ba ne?

Ba laifinki ba ne, 'yar'uwa. Zuwa ofishin malami aikin ɗaliba ne, ba izini ba ne. Rashin ihu kuwa abu ne da likitoci suka sani sarai: idan tsoro ya yi tsanani jiki na iya sandarewa, murya ta maƙale, hannu ya kasa ɗagawa. Ba ke kika zaɓa ba, kuma mata da yawa haka ya same su. Maganar sutura ma ba ta da tushe, domin an yi wa masu dogon hijabi, an yi wa 'yan yara, an yi wa tsofaffi.

Ta ɓangaren addini ma babu zunubi a kanki. Hadisi na 39 a Arba'una, wanda mafi yawanmu muka haddace a Islamiyya, ya ce Allah Ya yafe wa wannan al'umma kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su a kai. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya ce babu uƙuba a kan wadda aka yi wa dole, uƙubar tana kan wanda ya yi. Wanda ya ce miki "kin zubar da mutuncinki" bai karanta ba. Wanda ya aikata shi ne ya zubar da nasa.

Jiya da daddare abin ya faru. Me zan fara yi?

Asibiti, yau ɗin nan, tun kafin ki yanke shawarar ko za ki kai ƙara. Dalili shi ne lokaci. Akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake kira PEP, wanda dole a fara shi cikin awa 72, a kuma sha shi kwana 28 ba fashi. Gwargwadon saurin farawa, gwargwadon ƙarfin kariyar. Akwai ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, wadda ta fi aiki a kwana 3 na farko, wasu nau'o'in har kwana 5. Hana shigar ciki take yi, ba zubar da wanda ya shiga ba. Za a kuma ba ki maganin cututtukan sanyi, da rigakafin ciwon hanta nau'in B, da allurar tetanus idan akwai rauni.

Idan za ki iya daurewa, kada ki yi wanka ko tsarki mai zurfi kafin likita ya duba ki. Mun san wannan ne mafi wuya, domin abin da zuciya ke fara nema shi ne ruwa da sabulu. Kayan da ke jikinki, har da ɗan kamfai, kada ki wanke su kuma kada ki ƙona. Ki sa su a ambulan babba ko ki naɗe a takarda mai tsabta, ban da leda, domin leda na riƙe laima ta lalata shaida. Idan kina zargin an sa miki wani abu a abin sha, ki faɗa da wuri a ɗauki fitsari, domin irin waɗannan ƙwayoyi ba sa daɗewa a jiki. Ki tafi da mutum ɗaya da kika amince da shi, da kayan sakewa.

Wane asibiti zan je? Sai da takardar 'yan sanda?

A cikin Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata akwai Cibiyar Waraka, wadda aka kafa musamman domin waɗanda aka yi wa fyaɗe. Ana duba lafiya, a ba da magani da shawara, a kuma rubuta rahoton likita da kotu za ta iya karɓa. Asibitin Malam Aminu Kano da ke titin Zariya da Asibitin Nassarawa su ma suna da sashen gaggawa. Idan dare ya yi kuma asibitin makaranta ne kusa, ki fara da shi, su tura ki gaba.

Ba a bukatar takardar 'yan sanda kafin a kula da lafiyarki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai bukatar gaggawa. Zuwa asibiti kuma bai wajabta miki kai ƙara ba. Ki dai tabbatar an rubuta abin da aka gani, ki kuma adana katinki.

Na riga na yi wanka, har an kwana biyu. Shi ke nan?

Ba shi ke nan ba. Idan awa 72 ba ta cika ba, PEP na nan. Idan ta wuce, akwai gwajin ciki, da maganin sanyi, da gwajin ƙanjamau da za a maimaita bayan makonni zuwa wata 3, da mai sauraren ki. Shaida kuma ba a jiki kaɗai take ba. Duba amsa ta gaba.

Malami ne ke matsa min, amma bai taɓa ni ba tukuna. Wace hujja zan tara?

Ki fara rubutu. Kwanan wata, lokaci, wuri, abin da ya ce da bakinsa, da wanda ya gan ki kin shiga ko kin fito. Kada ki goge saƙon WhatsApp ko na tes komai ƙyamarsa. Ki ɗauki hotonsa yadda lamba da lokaci za su fito, ki tura wa kanki ta imel, domin waya na ɓata, ana kuma ƙwace ta. Ki adana takardun gwajinki da makin da kika samu kafin abin ya fara, saboda ranar da za a ce ai dama ba ki da ƙoƙari.

Idan kika ba shi amsa, ki ba shi a rubuce sau ɗaya, da ladabi kuma ba kwana-kwana: "Malam, don Allah maganar karatu kaɗai ce tsakaninmu." Wannan layi ɗaya yana da nauyi a gaban kwamiti. Daga nan kada ki sake shiga ofishinsa ke kaɗai. Ki tafi da ƙawa, ko ki ce zai fi miki sauƙi a haɗu lokacin da sauran 'yan rukuninku ke nan. Kada kuma ki shirya masa tarko da kanki ko da samarin ajinku. Irin wannan kan juye ya zama duka da tozarci, a bar maganarki a koma maganar su.

Idan na kai ƙara a makaranta, ba zai kayar da ni ba?

Wannan tsoro gaskiya ne, ba za mu ce miki babu shi ba. Abin da ke rage shi shi ne takarda. Ƙorafin baki a ofishin shugaban sashe kan ƙare da "ki yi haƙuri, za mu yi masa magana." Ki rubuta ƙorafi zuwa ga shugaban kula da harkokin ɗalibai ko magatakarda, ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a naki. A cikin takardar ki nemi abu biyu ƙarara: a sauya miki mai duba furojet, kuma wani malami daban ya duba takardar jarrabawarki. Ki karanta littafin dokokin ɗalibai da aka ba ki a shekarar farko, wanda yawancinmu ba mu taɓa buɗewa ba. Sashen ba da shawara da ofishin SERVICOM mai karɓar koke a kan yadda ma'aikata ke gudanar da aiki, inda akwai su, wasu ƙofofi ne.

Idan makarantar gwamnati ce kuma kika ga ana jan ƙafa, hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa ta ICPC na ɗaukar neman lalata da ɗaliba a matsayin amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba. Ita ce ta gurfanar da farfesan da aka ambata a sama. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da hukumar hana fataucin mutane ta NAPTIP duk suna da ofis a Kano, haka ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Wani abu da ake yawan gani: da wuya ke kaɗai ce. Mai wannan hali ba daga kanki ya fara ba, kuma ƙorafi ɗaya kan ba wasu ƙarfin hali su fito.

An ce sai da shaidu huɗu, in ba haka ba ni za a yi wa bulala. Haka ne?

Wannan magana ta rufe bakin mata da yawa, kuma an haɗa abu biyu ne aka cakuɗa. Shaidu huɗu sharaɗi ne na tsayar da haddin zina. Fyaɗe kuwa laifi ne a kundin dokokin laifuka na Penal Code, sashe na 282 ya bayyana shi, na 283 ya tanadi hukunci da ke iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Hanyar ita ce 'yan sanda su yi bincike, a tura fayil Ma'aikatar Shari'a ta ba da shawara, sannan a yi shari'ar a Babbar Kotu. A can ana sauraren bayanin wadda aka yi wa, da rahoton likita, da saƙonnin waya, da wanda ta fara gaya wa. Malaman fiƙihu ma ba su ce a sallami azzalumi don babu mutum huɗu ba. Alƙali na da hurumin ta'aziri, wato hukuncin da ya ga ya dace, idan hujja ta tsaya.

Sai dai a faɗi gaskiya: shari'a na ɗaukar lokaci, ana ɗage zama, ana kuma yin tambayoyi masu ciwo. Shi ya sa ki samu lauya tun farko. Kuma kafin ki wallafa sunan mutum a Facebook ko TikTok, ki yi shawara da lauyan, domin ta nan ne masu ƙarfi ke juya magana su shigar da ƙarar ɓata suna.

Ƙawata ta gaya min. Me zan ce mata?

A ganinmu wannan ce tambaya mafi muhimmanci a shafin nan, domin kusan babu wadda ke fara zuwa wurin ɗan sanda ko likita. Wurin ƙawa ake fara zuwa, ko 'yar ɗaki, ko yaya. Abin da wannan mutum na farko ya ce shi ke sa a je asibiti cikin kwana 3 ko a yi shiru shekara 10.

Ki ce, "Na yarda da ke. Ba laifinki ba ne. Ina tare da ke." Ki bar ta ta yi magana yadda ta iya, ko da labarin na zuwa a hargitse; haka firgici ke yi wa tunani. Ki haɗiye "me ya kai ki?" da "ai na gaya miki" da "me ya sa ba ki yi ihu ba?" Ko da kyakkyawar niyya kika yi su, tuhuma za ta ji. Sannan ki kawo maganar asibiti a hankali, ki ce za ki raka ta. Bayanin yana cikin amsar tambayar "Jiya da daddare" a sama. Kada ki yanke mata hukunci. Wanda ya yi mata wannan abu zaɓi ya ƙwace mata, kada ke ma ki ƙwace sauran ta hanyar kiran babanta ko zuwa sashe ba da saninta ba. Kuma kada ki gaya wa "mutum ɗaya kawai." A hostal babu mutum ɗaya.

Wuri biyu ne ba a riƙe sirri: idan ta fara maganar kashe kanta, ko kuma yarinya ce ƙarama da har yanzu mai cutar da ita ke iya kai wa gare ta. Nan sai ki gaya mata cewa za ki nemo babba, ki kuma nemo.

Ni uba ne. Ba gara a rufa asiri ba, saboda aurenta?

Baba, an fahimci abin da kake tsoro, kuma garin nan ba ya mantuwa. Amma a duba wa rufin asirin ya amfana. Yarinya na ɗaki ba ta ci ba ta sha, an cire ta daga makaranta, shi kuma gobe yana aji da alli a hannu. Sirri da shiru ba ɗaya ba ne. Ana iya kai ta asibiti cikin sirri, a ga lauya cikin sirri, lauyan ya roƙi kotu ta kare sunanta.

Abu uku ne muke roƙon iyaye su guje wa: dukanta, katse mata karatu, da karɓar sulhun da dattawan unguwa za su kawo na a biya kuɗin magani a bar magana, ko mafi muni a aura mata shi. Kalmar da za ta ji daga bakinka da na mahaifiyarta a ranar farko ta fi duk abin da likita zai ba ta.

Yana barazanar sakin hotuna ko hirarmu idan ban je ba.

Kada ki je, kada ki tura kuɗi, kada ki ƙara tura hoto. Wanda aka biya sau ɗaya dawowa yake yi. Ki adana barazanar kamar yadda aka bayyana a amsar tara hujja, sannan ki kai wa lauya ko 'yan sanda. Yin barazana da neman wani abu ta waya laifi ne a Dokar Laifukan Intanet ta 2015. Ƙarfinsa duka yana kan cewa ba za ki iya gaya wa kowa a gida ba. Ranar da yayarki ko gwaggonki ta sani, rabin makaminsa ya faɗi.

Maza fa?

Ana yi musu, tun suna yara ko bayan sun girma, kuma sun fi mata yin shiru saboda gori. PEP da awa 72 duk sun shafe su, asibitocin da aka ambata kuma suna karɓar su. Ɗan'uwa, abin da aka yi maka da ƙarfi bai rage maka komai ba a mazantaka.

Idan sharri aka yi wa malami fa?

Yana faruwa, kuma zalunci ne. Maganinsa bincike na adalci da ke sauraren kowane ɓangare, ba a kori mai ƙorafi tun daga bakin ƙofa ba. Malamin kirki ma yana da kariya a hannunsa: ƙofa a buɗe, ganin ɗalibai a lokacin aiki, rukuni-rukuni, da barin hirar dare a waya.

An yi watanni, amma ba na barci, karatu ba ya shiga. Na haukace ne?

Ba ki haukace ba. Mugun mafarki, razana idan an taɓa ki, faɗuwar gaba idan kika ji irin turarensa, yawan wanka, ƙin shiga wani gini a makaranta, duk alamomi ne da aka sani bayan firgici mai tsanani, kuma ana warkewa. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara a Asibitin Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin abin da 'yan unguwa ke nufi. Addu'a da magani ba sa karo. Ki guji shan sirof ko ƙwaya don samun barci. Idan jarrabawa ta matso kuma ba za ki iya ba, takardar likita na iya sa a ɗage miki zangon karatu maimakon ki tara faɗuwa.

Muna so mu wayar da kan ɗalibai a makarantarmu. Ta ina za mu fara?

Ku fara da 'yan aji ɗaya a makon karɓar sabbin ɗalibai, domin su ne ba su san gari ba, ba su san wa ake kai wa ƙara ba. Ku nemi izini a rubuce. Ku jawo ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da ƙungiyar ɗalibai Kiristoci da ƙungiyar ɗalibai ta makaranta da wakilan aji, ku roƙi limamin makaranta ya taɓo batun a huɗuba. Abin da aka ji daga mumbari ba a cewa aƙidar Turawa ce. Kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, dama ce ta samun masu jawabi, amma kada aikin ya tsaya a riga da hula da hoton rukuni.

Ku yi magana da Hausa a inda Hausa ta fi shiga. Ku yi zaman maza daban, a tattauna abin da namiji zai yi idan abokinsa na alfahari da abin da ya yi wa wata a majalisa. Kada ku taɓa matsa wa wadda abin ya shafa ta tashi ta ba da labarinta a taro. Kafin ku buga fosta, ku je Cibiyar Waraka da ofishin harkokin ɗalibai da ƙafarku, ku ji lokutan aikinsu da yadda ake shigar da ƙorafi, domin bayan kowane taro sai wata ta zo. Ku liƙa bayanin awa 72 a bayan ƙofar banɗakin hostal, inda mutum zai karanta ba mai kallonsa, ku kuma riƙa komawa kuna sabunta shi duk zango, don ana yagewa.